An hana Yaya fanshon nakasa: mu kai ƙarar maigidansa ne ko mu bi ta hannun manya?

Rabi Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin harkar takardu ku taimaka mana da shawara. Yayana direban tirela ne, shekararsa 47, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Kumasi, wani lokaci har Wagadugu. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Hannun dama ya mutu, ƙafar jan ta yake yi, magana kuwa sai ka matso ka kasa kunne. 'Ya'yansa biyar. Mun nemi fanshon nakasa, aka ce bai cancanta ba, wai zubinsa bai kai ba. Alhali takardun albashinsa suna nan, matarsa ta adana su cikin gwangwanin biskit tare da katunan awon yara. Kowane wata an rubuta albashi sidi 1,500, an cire 82.50 na fansho. To ina kuɗin suka shiga? Akwai inda ake kai kuka a sake dubawa, ko magana ta ƙare ke nan?

Zainabu Nima: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Daga Ankara, babban birnin Ghana, muke taya ku addu'a.

Malam Sule Akawu: Amin. Rabi, kafin komai: wannan amsa a rubuce aka ba ku, ko da baki aka faɗa muku?

Rabi Aboabo: Da baki ne Malam. Wata ma'aikaciya ta duba kwamfuta, ta ce wata bakwai kawai take gani a 'yan shekarun nan.

Malam Sule Akawu: To ba a kai ga ɗaukaka ƙara ba tukuna, don babu abin da za ki ɗaukaka. Maganar baki ba ta shiga fayil. Bari in shimfiɗa miki yadda abin yake, na yi aikin lissafin albashi har na yi ritaya.

Dokar fansho ta 2008, wato Doka ta 766, ita ce ke aiki. A ƙarƙashinta ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ɗora kashi 13 daga aljihunsa, ya zama 18.5. Kashi 13.5 na tafiya SSNIT, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana, kashi 5 na tafiya asusun mataki na biyu da kamfanonin amintattu ke riƙewa. Wannan 82.50 da kika gani daidai yake, kashi 5.5 ne na 1,500.

Fanshon tsufa sai mutum ya yi zubin wata 180. Fanshon nakasa ba haka yake ba. Sharuɗɗansa biyu ne: zubin wata 12 cikin wata 36 da suka gabaci nakasar, sannan kwamitin likitoci ya tabbatar cewa nakasar ta dindindin ce, mutum ba zai iya aikin neman abinci ba. Yayanki a sharaɗi na farko aka tsayar da shi, ba a ma kai ga na likitoci ba.

Ki koma reshen da fayil ɗinsa yake, ki tafi da Ghana Card ɗinsa da wasiƙa da sunansa, ya dangwala yatsa tunda hannun rubutu ya mutu. Abu biyu za ki nema: dalilin ƙin biyan a rubuce, da cikakkiyar takardar zubinsa wata bayan wata. Wasiƙar ki yi ta kofi biyu, su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki.

Bashir Suame: Malam ai magana a fili take. Mai motocin ya cire kuɗi bai kai ba. Sata ce. Mu nan Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, mun saba ganin irin wannan, mutum ya ƙare ƙarfinsa a ƙarƙashin mota, ranar da ya faɗi a ce sunansa ba ya ko'ina. Anti Rabi ki faɗi sunan kamfanin kowa ya sani.

Shugaban zaure: Bashir, ba a kama suna a nan. Rabi kada ki rubuta.

Rabi Aboabo: Ba zan rubuta ba. Nan ma matsalar take. Maigidan nasa ɗan zango ne, tare muke sallar Juma'a da iyalinsa. Ranar da Yaya ya faɗi, motarsa ce ta kai shi asibitin Komfo Anokye, shi ya biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, da azumi ya aiko da buhun shinkafa. Mahaifiyarmu ta ce in muka kai shi ƙara ba da yawunta ba.

Alhaji Ɗanjuma Alabar: Mahaifiyarku ta yi gaskiya, 'yata. Mu da muka girma a zangon nan mun san abin da hukuma ke haifarwa tsakanin maƙwabta. Yau ku kai shi, gobe a ci shi tara, jibi ba mai gaisawa da wani a makabarta. Kuma kuɗin da kuke nema ba lallai su fito da wuri ba. Mutumin da ya ɗauki ɗan uwanku a motarsa ba maƙiyinku ba ne. A samu limamin unguwa da dattawa biyu, a je a zauna da shi. Zai yiwu ya yanka wa iyalin wani abu duk wata, a rufa wa juna asiri.

Bashir Suame: Baba Alhaji, da girmanka, amma buhun shinkafa nawa ne zai biya fanshon rayuwar mutum?

Alhaji Ɗanjuma Alabar: Yaro, ban ce a yafe ba. Na ce a bi ta ƙofar da ba za ta ɓata zumunci ba.

Awudu Sawaba: Baba Alhaji, ka ba ni dama in yi magana, don ni a keken guragu nake tun ina saurayi, kuma na ci irin wannan alherin na "duk wata". Wata na farko yakan zo da kansa. Na uku yakan aiko yaro. Kafin shekara, kai ne za ka riƙa zuwa ƙofar gidansa kana jiran ya fito daga wanka, yaran gida suna leƙenka. Ba don mugu ne ba, kasuwa ce takan juya, ko ya rasu magada su ce ba su san zancen ba. Fansho kuwa ba ya gajiya da kai, ba ya tambayar me ka yi da na wancan watan. Abin da ya fi ci mini rai a zangonninmu shi ne da mutum ya nakasa sai a mayar da haƙƙinsa sadaka. Wannan bawan Allah ba roƙo yake ba. Kuɗinsa ne aka cire, yana tuƙi cikin dare a hanyar Techiman da Kintampo.

Maman Fa'iza: Wallahi Awudu ka faɗi abin da ke raina.

Malam Sule Akawu: Ku dakata kaɗan, kada a yanke wa mutum hukunci ba a ga takarda ba. Rashin ganin zubi a kwamfuta ba kullum yake nufin ba a biya ba. Na sha ganin kamfani ya biya kuɗi a dunƙule, amma jadawalin sunayen ma'aikata bai bi kuɗin ba, ko akawu ya rubuta lamba ba daidai ba. Akwai kuma masu lamba biyu, sun yi rajista a wurin aiki na farko, suka sake yi a na biyu. Tun 2021 ake haɗa lambar SSNIT da ta Ghana Card, wanda bai haɗa ba sai ka ga tarihinsa a rabe. Rabi, yayanki ya taɓa aiki a wani wuri kafin nan?

Rabi Aboabo: Ya yi a wani kamfanin katako da daɗewa. Amma a wurin nan ya fi shekara takwas.

Malam Sule Akawu: To ki tambaya ko lamba ɗaya gare shi. In takardar zubi ta fito, ki shimfiɗa ta gefe guda, takardun albashi gefe guda, ki bi wata-wata da biro, duk watan da aka cire amma bai bayyana ba ki yi masa alama. Wannan jerin shi ne ƙararki. In yana karɓar albashi ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ko banki, a ciro tarihin shigar kuɗin, yana ƙara nauyi.

Kuma Alhaji, ga abin da nake so dattawa su gane. Ko maigidan ya ba iyalin sidi dubu nawa a hannu, wannan ba ya cike gurbin watannin nan. Dole kuɗin su shiga SSNIT da sunan ma'aikacin, kowane zubi a kan watansa. Doka ta ce a kai zubi cikin kwana 14 bayan ƙarshen wata, wanda ya makara ana ɗora masa tarar kashi 3 cikin ɗari duk wata. Saboda haka kowane wata da ake jan ƙafa, bashin da ke kansa ƙaruwa yake. In ana son a rufa masa asiri, gaggauta shi za a yi.

Ustaz Haruna Tafo: Jazakallahu Malam Sule. Baba Alhaji, sulhu alheri ne, babu mai musu. Sai dai sulhu ba ya halatta a danne haƙƙin mai rauni. Kuɗin da aka cire daga albashin mutum don a kai wani wuri amana ce a hannun wanda ya cire. Kamar mai karɓar susu ne da ya amshi kuɗinki kullum bai rubuta a kati ba: ko ya yi miki kyautar zani da salla, zubinki na nan a wuyansa. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ni ina ganin a haɗa biyun. Dattawa su je, amma abin da za su nema a wurinsa shi ne ya je ya biya bashin zubin, ba ya yanka wa iyali wani abu ba. In ya ƙara da kyauta, Allah ya ba shi lada. Kuma a sa rana. Sulhun da ba shi da rana shi ne ke kashe magana a unguwanninmu.

Alhaji Ɗanjuma Alabar: In haka ne ban ƙi ba. Abin da ba na so shi ne mutum ya ji labarin a bakin hukuma kafin ya ji a bakin 'yan uwansa.

Bashir Suame: In kuma ya ce ba shi da kuɗi fa? Ko ya ce Yaya ɗan kwangila ne ba ma'aikaci ba? Haka suke cewa.

Malam Sule Akawu: Wanda ya buga takardar albashi ya rubuta ya cire na fansho, da wuya ya dawo ya ce ba ma'aikacinsa ba ne. In ya ƙi, SSNIT na da jami'an da aikinsu ke nan, bin kamfanonin da ba sa kai zubi, kuma suna kai su kotu. Ba Rabi ce za ta ɗauki lauya ta yi shari'a da shi ba, rahoto za ta kai da hujja.

Isa Akwatia Line: Ni a ganina duk wannan doguwar hanya ce. Ku nemi ɗan majalisa ko wani babba ya ɗaga waya, cikin mako guda a gama. Sannan ai akwai diyyar ma'aikata a ofishin ƙwadago, me ya sa ba ku bi ta can ba?

Malam Sule Akawu: Isa, wayar babba ba ta ƙirƙiro watannin da ba a zuba ba. Diyyar ma'aikata kuwa, dokar 1987 ce, kuma ta shafi rauni ko ciwon da aiki ya jawo, kamar haɗarin mota a bakin aiki. Rabi, a ina ciwon ya same shi?

Rabi Aboabo: A gida, da asuba, yana alwala. Dama yana da hawan jini.

Malam Sule Akawu: To wannan ƙofa da wuya ta buɗu. Kada ku raba ƙarfinku.

Hajiya Mariya Nas: Rabi ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana, don ko an gyara zubi gobe, kwamitin likitoci na gaba, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Rahoton da ya ce "yana da shanyewar ɓarin jiki" kawai bai wadatar ba. Akwai masu wannan ciwo da suke warwarewa su koma aiki. Abin da ake son gani shi ne me ya rage masa bayan an yi magani da gashi na tsawon lokaci: ba ya riƙe abu da hannun dama, ba ya taka birki, ba ya hawa mota sai an ɗaga shi, maganarsa ba ta fita. Ku roƙi likitan da ke ganinsa ya rubuta wannan dalla-dalla. Ku haɗa takardar sallama daga asibiti, sakamakon hoton ƙwaƙwalwa, da katin zuwa gashi. In kun daina kai shi asibiti kun koma na gargajiya kaɗai, ku koma, don fayil ɗin da ya yi shiru wata da watanni ba ya taimakon kowa.

Sai abu ɗaya da ke damuna da mutanenmu. Ka tambayi dattijo ya jiki, yana kwance ba ya motsi, zai ce "alhamdu lillahi, da sauƙi". Tarbiyya ce mai kyau, amma a gaban kwamiti likita zai rubuta abin da ya ji. Na ga wani da ya daure ya miƙe tsaye ba sanda don kada a ga kasawarsa, ya koma gida ya kwana uku bai tashi ba. Ku faɗa wa Yaya ya gode wa Allah, sannan ya faɗi gaskiyar abin da ba ya iyawa, har wanka da shiga bayi. Ba ƙari, ba ragi. Kuma wanda zai raka shi ya zama mai jin Turanci ko Tonanci sosai, wanda kuma ya saba da maganarsa.

Rabi Aboabo: Hajiya kamar kin san shi. Ko jiya da abokansa direbobi suka zo, ɓoye hannun ya yi cikin riga, yana ce musu bayan salla zai koma hanya. Da suka tafi ya juya fuska bango.

Hajiya Mariya Nas: Allah sarki. Ku riƙa zama da shi, kada a bar shi shi kaɗai da tunani. Maganin hawan jinin kuma kada ya yanke ko na kwana ɗaya, ciwon yana iya dawowa. Ku duba katin inshorar lafiyarsa bai mutu ba.

Zainabu Nima: Tambaya Malam Sule. In an gyara komai aka sake ƙi fa? Ina ake zuwa?

Malam Sule Akawu: Mataki-mataki. A fara da wasiƙar neman sake duba fayil zuwa ga manajan reshe, a haɗa fotokofin hujjoji, asalin takardu su zauna a gida. In ba a gamsu ba, akwai NPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho gaba ɗaya, tana karɓar koke. Akwai CHRAJ, wadda aka kafa a 1993, tana sauraron ƙorafi kan rashin adalcin ma'aikatun gwamnati, kyauta ne, kuma ko da baki mutum zai iya kai kukansa su rubuta. Sai dai ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, don haka kada a yi gaggawar shigar da ƙara. Kotu ce ta ƙarshe, wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a. Sashe na 23 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa jami'an gwamnati yin adalci da bin doka, ya kuma ba wanda aka ƙuntata wa damar neman gyara. In wani ofis ya riƙe bayani, dokar samun bayanai ta 2019 ta ba su kwana 14 su amsa.

Kada kuma a manta da kashi 5 na mataki na biyu. Wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya aiki ba yana da damar karɓar abin da ya tara a can. Ku tambayi akawun kamfanin wane amintacce ne ke riƙe da nasu. In shi ma ba a kai ba, ya shiga cikin abin da dattawa za su tambaya.

Maman Fa'iza: Kafin duk wannan ya nuna, yara za su ci abinci. Rabi, ki je ofishin jin daɗin jama'a na majalisar gundumarku ki sa sunansa cikin masu nakasa. Akwai kason da ake ware musu daga asusun bai ɗaya na gundumomi. Ni da farko an mayar da takardata, don abin da na rubuta kawai "a taimaka mana". Wata mata a ƙungiyar iyaye ta ce in faɗi takamaiman abin da nake so da kuɗinsa. Na rubuta firiza don sayar da ruwan leda da sobolo, na haɗa takardar farashi daga shago da rahoton likitan 'yata. An daɗe, amma ta zo. Da ita nake biyan kuɗin motar kai Fa'iza gashi.

Awudu Sawaba: Haka ne. Kwamiti ne ke tantancewa, kuma akwai wakilin masu nakasa a ciki, shi ya sa shiga ƙungiya ke da amfani, ko ta guragu ko ta makafi ko ta kurame, duk suna ƙarƙashin tarayya ɗaya ta ƙasa. Kuɗin ba sa zuwa a kan kari, kada ki ɗora tukunya a kansu. LEAP kuma, wato tallafin kuɗin da gwamnati ke ba matalauta, daban ne, tun 2008 ake yin sa, duk wata biyu ake biya ta katin e-zwich, amma gidaje mafiya talauci ake zaɓa bayan an bi gida-gida. Ki tambaya a ofishin, sai dai ba a shiga don an rubuta wasiƙa kawai. Dokar masu nakasa ta 2006 tana nan, amma sai wanda ya je ya tsaya a kan haƙƙinsa yake ganin amfaninta.

Isa Akwatia Line: Mu masu aikin kanmu fa, da ba mai cire mana komai?

Malam Sule Akawu: Kana iya rajista ka riƙa zuba wa kanka, ta momo ma ana yi. A 2023 SSNIT ta ƙaddamar da shiri na musamman don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Masu albashi kuma ku riƙa ciro takardar zubinku ko sau ɗaya a shekara, tun kuna da ƙafar zuwa.

Rabi Aboabo: Salam jama'a, na dawo da labari. Na karɓo takardar zubin, wasiƙar dalili sun ce in koma mako mai zuwa, amma sun buga mini hatimi a kofina. Lambarsa ɗaya ce. Shekarun farko an zuba daidai, daga baya ne abin ya fara tsallake, sannan ya tsaya cak. Na karanta wa mahaifiyarmu maganar Ustaz. Ta yi shiru, sannan ta ce a je a same shi, amma ban da ɗaga murya.

Bashir Suame: To sauran direbobin kamfanin fa? In nasa ya tsaya, nasu ma ya tsaya. Ya kamata su sani.

Alhaji Ɗanjuma Alabar: Wannan gaskiya ce Bashir, amma a fara da na mara lafiya. Rabi, na yi magana da limaminku. Asabar bayan la'asar za mu je, ni da shi da kawunku. Malam Sule, ina so ka zo, don in ya kawo zancen lissafi mu ba za mu iya ba shi amsa ba.

Malam Sule Akawu: Zan zo in sha Allah, da sharaɗi ɗaya: kafin mu tashi a sa ranar da zai je ya biya, a rubuta, kowa ya sa hannu. In ranar ta wuce, Rabi ta kai rahotonta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Alhaji ka yarda?

Alhaji Ɗanjuma Alabar: Na yarda. Ni da kaina zan faɗa masa haka a gaban liman.

Malam Sule Akawu: Madalla. Rabi, ki yi fotokofin takardun albashin da ta zubin kashi uku, ɗaya nasa, ɗaya na liman, ɗaya naki. Ki turo mini hotonsu yau da dare in fitar da jimillar watannin kafin Asabar.